Kyautar sauti a finafinan ƙasashen Sifaniyanci: wa ake karramawa, kuma a kan wane aiki?

Ranar 10 ga Fabrairun 2024, a birnin Valladolid na ƙasar Sifaniya, fim ɗin La sociedad de la nieve na darakta Juan Antonio Bayona ya kwashe kyaututtuka 12 a bikin Goya, wanda shi ne babban bikin karrama finafinai na ƙasar. Fim ɗin labarin jirgin saman nan ne na Yurugwai da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972 ɗauke da mutum 45, inda 16 daga cikinsu suka tsira bayan kwana 72 a cikin dusar ƙanƙara. Ɗaya daga cikin kyaututtukan ita ce ta sauti mafi kyau, kuma sunaye uku aka kira a kanta: Jorge Adrados da Oriol Tarragó da Marc Orts. Duk wanda ya gane dalilin kiran mutum uku a kan kyauta guda ya kama bakin zaren wannan al'amari, domin abin da ake kira "sauti" a irin waɗannan bukukuwa sana'o'i ne daban-daban, waɗanda ake yi a wurare daban-daban kuma a lokuta daban-daban.

Na farkonsu shi ne mai ɗaukar sauti a wurin da ake ɗaukar fim. Shi ne wanda za ka gani zaune a gefe da na'urar naɗa sauti a gabansa da abin saurare a kunne, yaronsa kuma yana tsaye hannu a sama, riƙe da doguwar sanda mai makirufo a bakinta, yana bin kan jarumi ba tare da sandar ko inuwarta ta shiga hoto ba. Idan kyamara ta ja baya sosai har sanda ba za ta iya matsowa ba, sai a ɓoye ɗan ƙaramin makirufo a cikin rigar jarumi, sannan a shiga fama da ƙarar gogar yadi da bugun iska. Idan an gama ɗaukar wata fitowa, wannan mutum kan roƙi kowa ya tsaya cak na kamar minti ɗaya domin ya naɗi shirun wurin, tun da kowane ɗaki da irin nasa shirun, kuma da shi za a cike giɓin da ke tsakanin jimla da jimla daga baya. Na biyu shi ne mai tacewa da tsara sauti, wanda aikinsa ke farawa bayan an gama haɗa hoto. Shi ke tsabtace maganganu, ya kira jarumi sutudiyo ya sake faɗin jimlar da ta lalace, ya nemo kukan iska da haushin kare da ƙarar mota mai wucewa daga nesa, ya kuma sa masu kwaikwayon ƙarar motsi su tsaya gaban allo suna taka tsakuwa ko suna murza fata domin kowane taku da kowace kujera da aka ja su samu sautinsu. Na uku shi ne mai haɗawa, wanda ke zama a babban ɗaki mai kama da gidan silima, ya tara ɗaruruwan layukan sauti, ya yanke hukuncin abin da zai fito fili da abin da zai koma baya, da kuma lasifikar da kowane sauti zai fito ta cikinta.

A Amurka an daɗe ana raba wannan aiki gida biyu a bikin Oscar, kyauta ɗaya ta tacewa, ɗaya ta haɗawa, sai daga bikin 2021 aka mayar da su guda. A Sifaniya kuwa, tun bikin Goya na farko da aka yi a Madrid a watan Maris na 1987, kyauta ɗaya ce ke ɗauke da su duka, haka ma abin yake a bikin Ariel na Meziko. Wannan haɗin yana da hujjarsa, domin mai kallo abu ɗaya yake ji, ba ya iya ware aikin wane daga na wane. Sai dai yana ɓoye wata tambaya mai nauyi: idan aka ce fim kaza ya fi kowa sauti, shin an yaba wa wanda ya ceto muryar jarumi daga cikin iska ne, ko wanda ya ƙirƙiro ƙarar da ba ta taɓa wanzuwa ba, ko kuwa wanda ya san lokacin da ya kamata a yi shiru?

Amsar tana hannun masu zaɓe, kuma a nan ne matsalar take. A zagayen ƙarshe na Goya dukkan membobin cibiyar fim ta ƙasa ne ke kaɗa ƙuri'a, daga jarumai da marubuta har masu kwalliya da masu ɗinkin kaya, kuma masu sana'ar sauti 'yan tsiraru ne a cikinsu. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu inda wannan magana ta fi aiki kamar a harkar fim: mutum zai fito daga silima yana tuna fuska da launi, amma da wuya ya iya faɗa maka abin da ya ji a bayan magana. Saboda haka wanda ba ɗan sana'a ba yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu, ko dai ya ba fim ɗin da ya fi burge shi gaba ɗaya, ko ya ba wanda ya fi ƙara. Jerin waɗanda suka ci kyautar yana nuna haka. Tesis na 1996, da Los otros na 2001, da Mar adentro na 2004 wanda ya kwashe kyaututtuka 14, da Celda 211 na 2009, da As bestas na 2022, dukkansu sun haɗa kyautar fim mafi kyau da ta sauti a dare ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma ga Lo imposible na 2012, mai nuna ambaliyar tsunami ta 2004 a Tailan, ga El niño na 2014, mai tseren jirgi mai saukar ungulu da kwalekwalen masu fasa-ƙwauri a mashigin Jibralta. Ba ina nufin waɗannan ba su cancanta ba. Wanda ya ji yadda ruwa ke rufe kunne a Lo imposible, sauti ya dushe sannan ya dawo da ƙarfi duk lokacin da kan jarumar fim ɗin ya fito sama, ya san aikin ƙwararru ne. Abin da nake cewa shi ne, tsarin zaɓen ya fi saurin ganin irin wannan aiki a kan aikin da ƙwarewarsa ita ce kada a lura da shi.

Shi ya sa shekarun da aka kauce wa wannan al'ada suka fi ɗaukar hankalina. A bikin 2011 kyautar ta tafi ga Buried na Rodrigo Cortés, fim ɗin da aka ɗauka a Basalona, wanda tun daga farkonsa har ƙarshensa kyamara ba ta fita daga cikin akwatin gawa ba. Mutum ne ya farka ya tarar an binne shi da rai a Iraƙi, babu abin da ke hannunsa sai wayar salula da abin kunna wuta. Fim ɗin yana buɗewa cikin baƙin duhu, ba ka ganin komai, sai numfashi kake ji, sai gogar jiki da katako, sai muryar da ke bugun murfi ta dawo kusa-kusa. Da kunne mai kallo ke auna faɗin akwatin kafin ido ya gan shi. Duk duniyar da ke waje, da matarsa da kamfanin da yake yi wa aiki da waɗanda suka sace shi, ta cikin 'yar lasifikar waya suke zuwa, yashi kuma yana tsiyayowa ta tsagin katako. Idan aka cire sautin wannan fim, babu abin da zai rage.

Haka kuma a bikin 2022 aka ba Tres na Juanjo Giménez, ƙaramin fim wanda ba ya cikin manyan da ake magana a kansu a wannan shekara. Labarin wata mata ce mai sana'ar tsara sautin fim, wadda kunnenta ya fara yi mata jinkiri: za ta tafa hannu, sai bayan ɗan lokaci ta ji tafin, kuma tazarar tana ƙaruwa kullum. Domin a ba da wannan labari, dole masu aikin sauti su karya dokar farko ta sana'arsu, wato daidaita motsin baki da murya, kuma su karya ta da lissafi yadda mai kallo ba zai ɗauka na'ura ce ta lalace ba. A ganina irin wannan zaɓe shi ne hujjar wanzuwar kyautar, domin ya kai hasken biki inda da ba zai kai ba.

Amma nauyin wannan kyauta a Sifaniya ya wuce batun gwaninta, yana da tushe a siyasa. A watan Afrilun 1941 gwamnatin Janar Franco ta kafa dokar da ta hana nuna fim ɗin waje sai an ɗora masa muryar Sifaniyanci. An janye dokar bayan 'yan shekaru, amma al'adar ta riga ta zauna, kuma har yau yawancin masu zuwa silima a ƙasar finafinan Amurka da muryoyin 'yan gida suke kalla. Mai karatu da ya saba da finafinan Indiya masu fassarar Hausa ya san yadda kunne ke sabawa da irin wannan murya, wadda kullum take kusa, take tsabta, babu iska babu amon ɗaki a cikinta. Ɗora murya ya kuma zama makamin masu tace finafinai na gwamnati. Misalin da aka fi sani shi ne fim ɗin Amurka Mogambo na 1953, inda aka sauya maganganun har mata da miji suka koma wa da ƙanwa, domin kada a nuna matar aure tana son wani namiji. Illar ta shafi finafinan cikin gida ma, domin shekaru da dama an saba ɗaukar hoto kawai, sannan a koma sutudiyo a ɗora magana, wani lokacin ma da muryar wani mutum daban ba jarumin da ake gani ba. Karin harshen yankuna ya ɓace, kowa ya koma magana da Sifaniyanci iri ɗaya, ballantana Katalanci da Baskanci da Galisiyanci waɗanda mulkin ya kore daga bainar jama'a. Bayan mutuwar Franco a 1975 ne ɗaukar sauti kai tsaye ya riƙa samun gindin zama, har ya zama ka'ida. Saboda haka lokacin da sabuwar cibiyar fim, wadda aka kafa a 1986, ta sa sauti cikin rukunan bikinta na farko, sana'ar da take karramawa sabon jini ce, kuma sana'a ce da ta dawo wa mutane da muryarsu ta ainihi. Shi ya sa As bestas, wanda a cikinsa Bafaranshe ke jayayya da maƙwabtansa a wani ƙauyen Galisiya cikin harsuna uku, yake da ma'anar da ta wuce kyan fasaha: rashin jituwar mutanen a cikin harshensu ake fara jin ta.

Akwai kuma wani ƙorafi da ya biyo bayan wannan sauyi, wanda har yanzu ake yi a Sifaniya, cewa ba a gane abin da jaruman cikin gida ke faɗa. Wani ɓangare na ƙorafin gaskiya ne, domin akwai jarumai masu haɗiye kalma, akwai kuma finafinan da ba a kashe wa sauti kuɗi ba. Wani ɓangaren kuwa gadon tarihi ne, kunnen da aka raina da muryar sutudiyo yana ɗaukar maganar mutane ta yau da kullum a matsayin aibi.

Idan aka tsallaka teku zuwa Latin Amurka, sai a ga cewa sauti ne ma ya haifi masana'antun fim na ƙasashen. Zamanin finafinai marasa magana, fim ɗin Hollywood yana shiga ko'ina da sauya 'yan rubuce-rubucen allo kawai. Da magana ta zo, kamfanonin Amurka suka fara yin finafinansu sau biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Sifaniyanci. Drácula na 1931 shi ne sanannen misali: da rana masu Turanci su yi aiki, da dare masu Sifaniyanci su shiga wuri guda su maimaita. Kamfanonin sun ɗauka Sifaniyanci abu ɗaya ne, sai suka tara Carlos Villarías ɗan Sifaniya da Lupita Tovar 'yar Meziko da Barry Norton ɗan Ajantina a fim ɗaya. Ga shi kuwa mutumin Madrid yana furta wasu baƙaƙe da harshe tsakanin haƙora, mutumin Buenos Aires yana furta wasu kamar "sh", na yankin Karibiyan kuma yana haɗiye "s" ta ƙarshen kalma. Masu kallo sun ji wannan gauraye a finafinai irin waɗannan, ba su gamsu ba, kuma ba a daɗe ba aka watsar da tsarin. Giɓin da aka bari shi ne 'yan gida suka cike. A Meziko aka ɗauki Santa a 1931, da ita dai Lupita Tovar, ta amfani da na'urar naɗa sauti da wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar, Joselito da Roberto Rodríguez, suka ƙera da kansu. A Ajantina kuma ¡Tango! ya fito a 1933, mutane suka ji waƙarsu da karin maganar titunansu daga allo. Tun daga lokacin, tambayar "yaya ƙasarmu take a kunne" ta zama tambayar da kowace masana'anta ke amsa wa kanta, kuma kyautar sauti ta ƙasa ita ce wurin da ake rubuta amsar kowace shekara.

Bikin Ariel na Meziko ya girmi Goya da shekara 40. An kafa cibiyar da ke shirya shi a 1946, aka yi bikin farko a 1947, lokacin da finafinan Meziko ke cin kasuwar nahiyar, sannan ya tsaya daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1972. A zamanin nan, fim ɗin da ya fi nuna abin da Meziko ta iya shi ne Roma na Alfonso Cuarón, wanda ya ci kyaututtukan Ariel 10 a 2019, har da ta sauti, aka kuma sa shi takarar Oscar a rukunan sauti biyu na wancan lokaci. Fim ɗin ba shi da kiɗan da aka tsara masa. Duk waƙar da ka ji daga rediyo take fitowa, ko daga talabijin, ko daga 'yan badujala masu wucewa a titi. Abin da ya maye gurbin kiɗa shi ne birnin Meziko na 1970 da 1971: ruwan da 'yar aiki ke watsawa tana wanke tsakar gida, usur ɗin mai wasa wuƙa, kiran masu talla, haushin karnuka daga saman soraye, jirgin sama mai ratsawa. An haɗa shi da tsarin Dolby Atmos, wanda ke ba mai haɗawa damar ajiye kowane sauti a wani gurbi na ɗakin kallo, har da sama, ta yadda idan kyamara ta juya, muryar wanda ya fita daga hoto za ta zagaya ta koma bayan mai kallo. Fasahar da aka saba amfani da ita wajen fashewar bam da yaƙin sararin sama, sai ga ta tana hidimar tsakar gida da ɗakin girki. Sunayen da aka karrama sun haɗa da Sergio Díaz da José Antonio García, tare da Skip Lievsay da Craig Henighan waɗanda a Amurka suke aiki.

Wannan fim ya kuma tono tsohuwar rigimar karin harshe. A farkon 2019 aka gano cewa Netflix ya sa masa rubutun fassara zuwa Sifaniyancin Sifaniya ga masu kallo a can, ana sauya kalmomin Meziko da na Madrid. Cuarón ya fito fili ya yi tir da abin, kamfanin kuma ya janye rubutun. Alhali a cikin fim ɗin akwai harshen da yake buƙatar fassara da gaske, wato Mistek, ɗaya daga harsunan 'yan asalin Meziko, wanda 'yan aikin gidan biyu ke yi a tsakaninsu.

Ariel ya yi wani zaɓe da nake ganin ya fi na Roma ƙarfin hali. A 2017 ya ba Tempestad na Tatiana Huezo kyautar sauti, kuma wannan fim ne na gaskiya, ba na ƙagaggen labari ba. Wata mata ce ke ba da labarin yadda aka ɗaure ta bisa laifin da ba ta aikata ba, aka kai ta kurkukun da 'yan ƙungiyar miyagun ƙwayoyi ke iko da shi a Matamoros. Muryarta kawai ake ji, ido kuma yana kallon doguwar tafiya a motar safa daga arewacin ƙasar zuwa kudu, fuskokin fasinjoji, shingayen jami'an tsaro, ruwan sama a gilashi. Da yake ba a haɗa muryar da fuska ɗaya ba, sai kowace mace a cikin motar ta zama mai yiwuwar ita ce. Wannan shawara ce ta sauti tun daga tushe, kuma tana nuna cewa tsara sauti ba ado ba ne da ake yaɓawa bayan an gama gini. Ba abin mamaki ba ne ƙasar da ke da irin wannan tarbiyya ta fitar da Martín Hernández, wanda ya shiga takarar Oscar sau biyu da finafinan Alejandro González Iñárritu, ko kuma Jaime Baksht da Michelle Couttolenc da Carlos Cortés, waɗanda suka ci Oscar ɗin sauti a 2021 da Sound of Metal, fim ɗin Amurka da aka haɗa sautinsa a Meziko.

A Ajantina sunan da ba a iya tsallakewa shi ne Lucrecia Martel, 'yar lardin Salta, da abokin aikinta Guido Berenblum. Ta sha bayyana cewa mai kallo a silima kamar wanda ya nutse cikin ruwa yake, sauti ya kewaye shi ta ko'ina, kuma mutum na iya rufe ido amma ba ya iya rufe kunne. Fim ɗinta na farko, La ciénaga na 2001, yana buɗewa da ƙarar ƙanƙara cikin kofin gilashi, da ƙarar kujerun ƙarfe da wasu manya masu maye ke ja a kan siminti a bakin wani gurɓataccen wurin ninƙaya, ga tsawa daga nesa, ga harbin bindiga daga cikin daji. Kafin kowa ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya san gidan nan ba lafiya. Lokacin da fim ɗin ya fito babu ma cibiyar fim ta ƙasa a Ajantina, sai a 2004 aka kafa ta, bikinta na Sur kuma ya fara a 2006, ko da yake 'yan jarida masu sharhin fim suna ba da kyautar Cóndor tun shekarun 1940. Da Zama na 2017 ne Berenblum ya karɓi kyautar sauti ta Sur, sannan ta Platino, bikin gamayyar ƙasashen yankin, a 2018. Labarin wani ma'aikacin sarkin Sifaniya ne a ƙarni na 18, wanda ya maƙale a wani lungun daula yana jiran takardar sauyin wurin aiki da ba ta zuwa. Duk lokacin da fatansa ya sake rushewa, sai a ji wani amo mai kama da yana ta gangarowa ba ya kaiwa ƙasa, kuma wannan amo ya faɗi halin da mutumin ke ciki fiye da duk wata jimla ta fim ɗin.

Sai kuma tambayar da kalmar "ta ƙasa" ke tayarwa. Los otros da Buried da Lo imposible duk da Turanci aka yi su, amma sun ci Goya, domin ka'idar bikin shaidar zama fim ɗin Sifaniya take dubawa, wadda ta ta'allaƙa ga kamfanin da ya shirya da ma'aikatan da suka yi aiki, ba harshen da aka yi magana da shi ba. Martín Hernández ɗan Meziko ne, amma ya karɓi Goya da El laberinto del fauno na 2006, wanda haɗin gwiwar ƙasashen biyu ne. Ƙasashen da masana'antarsu ba ta yi ƙarfi ba kuwa sukan kai aikin haɗa sauti Buenos Aires ko birnin Meziko ko Turai, domin ɗakin haɗawa mai inganci jari ne babba wanda 'yan finafinai kaɗan a shekara ba sa iya riƙewa, kuma asusun haɗin gwiwa na Ibermedia da aka amince da kafawa a 1997 ya ƙara sauƙaƙa irin wannan zirga-zirga. Da yawa daga masu sana'ar ma aji ɗaya suka zauna a makarantar fim ta San Antonio de los Baños a Kyuba, wadda marubucin Kolombiya Gabriel García Márquez na cikin waɗanda suka kafa ta a 1986. Kolombiya ta fara nata bikin Macondo a 2010, sannan a 2014 aka fara bikin Platino a Panama domin haɗa dukkan ƙasashen yankin da Sifaniya da Fotugal, kuma El abrazo de la serpiente, fim ɗin Kolombiya da aka yi a dajin Amazon cikin harsunan 'yan asalin wurin, ya ci kyautar sautinsa a 2016. Duk da haka ban yarda cewa bikin gamayya ya isa ya maye gurbin na ƙasa ba. A gasar da ta haɗa ƙasashe sama da 20, manyan uku, wato Sifaniya da Meziko da Ajantina, su ne ke mamaye takara, kuma mai zaɓe daga Madrid ba zai iya sanin ko muryar kasuwar birnin La Paz na Bolibiya ta fito daidai ba. Wannan hukunci na kunnen 'yan gida ne.

Abin da ke barazana ga wannan sana'a yanzu kuɗi ne. A ƙarshen 2022 cibiyar fim ta Meziko ta sanar da cewa ta dakatar da shirin bikin Ariel saboda rashin kuɗi bayan raguwar tallafin gwamnati, kuma sai da jihar Jalisco ta karɓi baƙuncinsa aka yi shi a Guadalajara a Satumban 2023. A Ajantina gwamnatin Javier Milei ta zaftare kuɗi da ma'aikatan hukumar fim ta ƙasa, INCAA, daga 2024. Irin wannan matsi ya fi faɗawa kan sauti, saboda shi ne aikin ƙarshe: kuɗin da aka wuce da shi wajen ɗaukar hoto daga kasonsa ake cirewa, makonnin da aka makara daga lokacinsa ake ragewa. Ga kuma sauyin wurin kallo. Aikin da aka yi watanni ana tsarawa domin ɗaki mai lasifikoki da dama, yawancin mutane yanzu a waya ko kwamfuta suke jin sa, kuma masu zaɓe da yawa a gida suke kallon finafinan takara ta intanet. Idan cibiyoyin nan suna son kyautar ta riƙe darajarta, gyara biyu na hannunsu, kuma babu mai tsada a ciki: su ƙara wa ƙuri'ar 'yan sana'a nauyi a zagayen ƙarshe, su kuma shardanta cewa duk wanda zai yi zaɓe a wannan rukuni sai ya ji finafinan takara a gidan silima.